Matakala Ashirin da Bakwai

Ofishin ma'aikata a bene yake, a Adum.
Matakala ashirin da bakwai. Na ƙirga,
don ni nake goya Gariba
kowace Talata.

Yayana ne. Shi ya goya ni
shekarar da ruwan Aboabo ya shanye gada.
Yau haɓarsa ce a kafaɗata,
ƙafafunsa na lilo a gefena
kamar wandon da aka shanya.

A injin katako na Kaase abin ya faru.
Sarƙa ta tsinke, gungumen odum ya mirgino.
Waɗanda suka gani sun ce bai yi ihu ba.
Tambaya kawai ya yi:
wa ya cire masa takalmi?
Takalmin kuwa na ƙafarsa.

Likita ya ɗaga hoton ga hasken taga,
ya ɗora bakin biro a wani ɗan wuri
da bai kai ƙwayar gyaɗa ba.
"Nan laka ta yanke."
Daga nan zuwa ƙasa
unguwa ce da aka ɗauke wa wuta har abada.
Ya rubuta a takarda: ɗari bisa ɗari.
Gariba ya yi dariya, ya ce duk zamansa a makaranta
bai taɓa cin wannan maki ba sai yau.

A littafin kamfani Garba suka rubuta,
a katinsa kuma Gariba.
Harafi ɗaya.
Wata biyar muna farautar harafin nan
daga tebur zuwa tebur,
har da rantsuwa a kotu
cewa shi ne shi.

Lauyansu ya ce ɗan aikin yini ne.
Yini? Shekara goma sha ɗaya rana ba ta faɗi ba?
Sai ga Frimpong, shugaban leburori, da daddare,
da burodi a hannu ɗaya,
a ɗayan tsohon littafin biya cikin baƙar leda.
Bai zauna ba. Ya ce, "Ba ku gan ni ba."

Matar ofis tana da kirki, ban ce ba ta da shi ba.
Ta danna na'ura, ta juyo mana da fuskarta:
albashin wata casa'in da shida.
Na yi lissafi da yatsu a kan gwiwa.
Shekara takwas.
Gariba yana da talatin da huɗu.
Sauran shekarun fa, a kan wa za a rubuta su?

Ba layin da aka ware wa Lariba,
mai juya shi sau huɗu kafin asuba
don kada katifa ta ci masa fata.
Ba layin robar fitsari,
ba na lungunmu da ya fi keken ƙunci,
sai an ɗaga shi a tsallake lambatu.
Ba na goshin da ke kewar tabarma.
Ƙwallon ɗansa Seidu na ƙarƙashin gado,
yaron da kansa ya ɓoye ta.

Muna jira, sidi na ramewa.
Kuɗin da zai sayi kiyos bara
bana sai dai rufinsa.
Diyya suke kiranta. To, Allah ya kawo.
Wanda ya rasa rijiya ba ya raina kofi.

Yau ma an ce babban bai sa hannu ba,
ya tafi Accra taro.
Mu dawo Talata.

Sauka ta fi hawa wuya.
Ina laluben kowace matakala da ɗan yatsa,
shi yana ƙirga mini a kunne, baya-baya:
ashirin da bakwai, ashirin da shida.
Numfashinsa na ƙanshin kokon safe.
A ta goma sha uku santsi ya ɗan kwashe ni.
Ya ƙanƙame wuyana, ya ce,
"A hankali, Alidu.
Baya ɗaya ya rage mana."