Littafi na Sha Huɗu

Matakala goma sha bakwai na ƙirga
zuwa ɗakin ƙasa na ginin kotun gunduma,
a wani ƙaramin gari na Alabama
da jirgin ƙasa ya daina tsayawa tun ban zo duniya ba.
Warin tsohuwar takarda da danshi.
Fanka na ta juyi, iskarta ba ta kai kowa.

Akawun, Verlene Stallworth,
tabarau rataye a wuya, ta ɗago kai.
"Wa kake nema?"
Ba ta ce me ba. Wa ta ce.

Cephus Boykin, kakan mahaifiyata.
Eka talatin da ɗaya a gefen rafi.
Wani kamfani ya aiko mana wasiƙa
wai gonar ba ta da mai ita a rubuce,
wai abin da ke hannunmu zancen baka ne.

Ta buga sunan a kwamfuta. Shiru.
"Rabu da ita, yarinya ce.
Duk wanda ya riga ta zuwa duniya ba ta san shi ba."

Sai ta jawo fihirisa, ƙato kamar dutsen niƙa,
ta lashi yatsa.
Boykin, babu.
Boyken, babu.
Na fara laluben hulata.
Ta ce, "Zauna. Wanda bai iya rubutu ba,
yadda kunnen akawu ya ji sunansa
haka zai kwana a littafi."
Ta bi layi tana furta sunan a hankali,
tana karya shi, tana tauna shi
kamar mai jin barci a ranar zafi.
Bockin.
Sefus Bockin.
Littafi na sha huɗu, shafi na ɗari biyu da tara.

Mu biyu muka ɗauko shi.

Dala sittin da alfadari guda.
Daga itacen al'ul mai sara uku
a miƙe gabas zuwa shingen gwauruwa Pruitt,
a bi rafi har inda ya karya kwana,
a komo gindin itacen.
Na san rafin. Ya sauya hanya sau biyu da idona.
Gwauruwa Pruitt ko kabarinta ban sani ba.

Na nemi hannunsa a shafin,
ko da ɗan gicciyen da marasa boko ke yi.
Ta ce mai saye ba ya sa hannu,
kuma wannan kwafi ne, rubutun akawun zamanin.
Raina ya ɗan sosu.
Sai ta ɗora farce a gefe, kan ƙananan baƙaƙe:
an kawo Litinin, bakwai da minti arba'in na safe,
mai shi ya biya ladan rajista, ya jira.

Mil goma sha ɗaya ne daga gona zuwa nan.
Alfadarin kuwa ya tafi cikin ciniki.
Ke nan da ƙafa ya zo, tun cikin duhu,
takarda a cikin riga,
ya zauna bakin wannan ƙofa kafin a buɗe,
bai tashi ba sai da tawada ta bushe.

Dala ɗaya kowane shafi, biyu kuɗin hatimi.
Ta danna ƙarfen har takardar ta yi tudu.
"Kada ka ɗauka an gama.
Ku nawa ne jikokinsa?"
Na ce mun haura arba'in.
Ta girgiza kai, ta rubuta mini lambar wata lauya
a bayan rasit.

A mota na kira mahaifiyata
ina karanta mata iyakokin.
Da na zo kan itacen al'ul ta katse ni:
"Guguwa ta kayar da shi shekarar da aka haifi Lonzo.
Kututturen na nan bayan akurkin kaji.
Kai ma ka sha zama a kai kana cin kankana."