Ramar da Ba a Ci

Bayan Ƙofar Guga ina da fili,
gadon mahaifina, taku arba'in.
Shekara tara na ba Mati haya,
yana fasa batir, yana narka dalma.
Kuɗin na ci, har na manta ɗanɗanonsu.
Ƙasar ce ba ta manta ba.

Da ya tashi na zuba gero,
ya fito rawaya kamar mai ciwon shawara.
Ko tsidau, da ba ya jiran gayyata,
a bakin iyaka ya tsaya, ya juya.

Rumasa'u ta zo hutu daga jami'a,
ta ƙulle ƙasar a leda ta tafi da ita.
Bayan mako uku sai ga takarda:
"Baba, filinka ya sha guba."
Na ce, "Ƙasa ce fa, mai haɗiye kowa."
Ta ce, "Wannan ya tsaya mata a maƙoshi."

Muka barbaɗa farar hoda mai kashe tsami,
muka daka gawayi da ƙonannen ƙashin mahauta,
wai su ɗaure dalmar kada ta gangara rijiya.
Wadda ta kuɓuce, saiwa za ta tsotse.
Jema a gefe, zurma a kusurwa,
rama a tsakiya, layi goma sha ɗaya.

Rama ta yi kyau, abin takaici.
Tasalla ta leƙo da ƙwaryarta,
tana son ta kwaɗo, ƙuli na jiranta a gida.
Na hana.
Ta ce tsufa ya zo mini da rowa,
ta bar gaishe ni har bayan Sallah.
Ni da ban taɓa korar baƙo ba,
na wuni da sanda ina fatattakar awaki.

Da kaka muka tumɓuke da safar hannu,
ba tukunya, ba igiya, ba murhu,
buhu-buhu mota ta kwashe.
Noman da ba rumbu, wa ya taɓa gani?

Damina uku ke nan.
Lambar takarda tana sauka kamar zazzaɓi.
Rumasa'u ta ce da saura, kada in yi gaggawa;
abin da aka ɓata a tsaye, a durƙushe ake gyara shi.

Jiya da asuba na shiga ba takalmi,
wani abu ya soke ni a diddige.
Na duƙa na duba.
Tsidau ne.
Na zauna a kunya ina ta dariya.