Tsabar Da Ba Ta San Aljihu Ba

A Porto, a lungun da ke gangarawa kogi,
shagona na da fitila ɗaya mai wuyan zalɓe.
Shekara talatin da ɗaya ke nan
sai na sa safar auduga nake gaisawa da azurfa.

Ran Laraba, ruwa na tsuga,
Amílcar Bessa ya shigo, lemarsa na ɗiga a bakin ƙofa,
ya dire kwalin takalmi kan teburi.
“Na tsohona ne. Watan jiya muka kai shi.
Dona Leocádia, nawa za su yi?”

Tsaba biyu ce, kowacce a kwansonta na roba,
irin wadda ba a buga don cefane ba,
ba ta san aljihu ba, ba ta san tafin mai burodi ba.
A maƙera ake goge ƙarfen hatimi
har mai gugar ya hango gashin girarsa,
a danna sau biyu, wani lokaci uku,
filin ya fito madubi,
jirgin ruwan da ke tsakiya ya yi fari
kamar raɓar da sanyi ya kama da asuba,
sannan a rufe, ko numfashi kada ya shiga.

Ta farko tsaf, ba tabo, ba ƙwarzane,
tana ƙyalli har da rawar kai.
Ni kuwa kyau ya daɗe da daina ruɗa ni.
Na ɗora ta a sikeli, rabin giram ya yi ɓatan dabo.
Na karkata ta, na saki ɗan maganaɗisu,
ya zube fuu, bai ko waiwaya ba.
Na kafa gilashi a ido:
haruffan sun yi laushi, bakinsu ya narke
kamar an rubuta su da man shanu.
Haƙoran gefe, wani ya fi wani ƙiba.
Na ce, “Wannan jabu ce.”
Ya haɗiyi yawu. “A kasuwar Lahadi ya saya,
albashin wata guda, na direban jirgin titi.”

Ta biyu nauyinta cif.
Maganaɗisu ya sauko a hankali
kamar tsoho a kan matakala.
Haruffa da kaifi, kowane igiyar jirgi a zaune.
Azurfa ce, ta gidan gaskiya.
Sai dai can gefen hagu, a kan madubin,
babban yatsa ya kwanta,
gumin wani dare ya ci ƙarfe ya zauna daram.
Wani ya buɗe kwanson, ya kasa haƙuri.

Na ce, “Ta gaske ce, amma an taɓa.
Wannan tabon ya cinye rabin kuɗinta,
kuma ba ya goguwa.
In na wanke, madubin ne zai mutu.”

Ya karɓi gilashin, bai iya riƙewa ba,
na gyara masa gwiwar hannu, na matso da fitila.
Ya daɗe a sunkuye.
Ruwa ya tsagaita, jirgin titi ya wuce yana ƙararrawa.
Sai ya ce, “Kin ga layin da ya ratsa zanen?
Gwangwanin kifi ne ya yanke shi, ina ɗan shekara tara.
Ni na ɗaure masa da hankicin uwata,
yana zagin gwangwanin har kakanninsa.”
Ya yi dariya, dariyar ta karye a tsakiya.

Na jawo takardar shaida, na tsaya a layin daraja.
Sikelina bai da lambar wannan.
Na rubuta abin da sana'a ta ce in rubuta,
na buga hatimi.

Jabun ya bar mini, na jefa a aljihun tebur
inda ’yan’uwanta arba’in ke ƙyalli a duhu.
Ɗayar ya sa a aljihun riga, wajen ƙirji,
ya fita ya manta lemarsa.

Da na rufe shago na zare safar,
na daɗe ina duban yatsana a ƙarƙashin fitila.
Lemar tana nan bayan ƙofa,
yau kwana tara.