Ambulan Huɗu a Edinbara

Tun a gida Huwaila ta baje su a kan gado,
fam ɗari uku da ashirin, sababbi fil,
waɗanda na canzo a Wapa, gumi na bin wuyana.
Ta kasa su ambulan huɗu, ta rubuta da jan biro:
Alhamis, Juma'a, Asabar, Lahadi.
Tamanin-tamanin.
"Sadisu," in ji ta, "duk wanda ya ci na gobe yau,
gobe azumi ya kama shi."

Alhamis garin ya tarbe mu da yayyafi,
irin mai sanɗa, sai ka jiƙe kafin ka farga.
Lema fam goma sha biyu.
Na tsaya bakin shago ina buga lissafi a waya,
naira ta fito da sifiri a jere kamar ƙwan zabuwa.
Na ce ai ruwan zai ɗauke.
Bai ɗauke ba.
Muka saya bayan mun riga mun sha duka.

A wurin shan shayi yarinyar ta yi murmushi:
ba a karɓar tsaba, sai kati.
Ambulan ta koma aljihu jiki a sanyaye,
kamar wadda ta je biki ba a gayyace ta ba.

Juma'a muka tsaya ƙofar tsohuwar ganuwa kan dutse,
muka karanta kuɗin shiga sau biyu.
Huwaila ta ce, "Daga nan ma ana ganinta sarai."
Muka kalle ta kyauta har wuya ya gaji.
Bayan an sauko masallaci, shinkafa da miyar kaza,
faranti biyu, canji ya dawo.
Ranar na yi tafiya kamar mai rumbu.

Asabar ce ta karya ni.
Wani mayafin ulu, kore da ratsin toka,
ta shafa, ta ajiye,
ta zaga shagon, ta dawo ta sake shafawa,
ta juya takardar farashi, talatin da biyar,
ta ce wai kalar ba ta yi mata ba.
Shekara goma sha ɗaya muna tare,
na san yadda muryarta ke yi in tana ƙarya.

Da ta shiga wanka na lallaɓa jakar hannu,
na zaro Lahadi, zuciya na dukan tara-tara.
Ashe an riga ni.
Bakin a ɓalle, an sake liƙewa da salatif,
ciki sittin da 'yar takarda:
"Na ranci ashirin. Kar ka tambaya."
Sai na tuna safar hannun da na tsinta a aljihun kwat da safe,
wadda ta rantse wai tun daga gida ta taho da ita.

Na zari talatin da biyar,
na rubuta ƙarƙashin nata: "Ni ma."

Lahadi, fam ashirin da biyar tsakanin mutum biyu.
Kifi ɗaya da dankali a takarda, kan benci,
iska na yanka kunne,
wani farin tsuntsun teku ya fizge rabin kifin ya yi sama.
Ta yi dariya har da hawaye,
ta share da gefen koren mayafi.

A jirgi ta buɗe littafinta tana tarawa.
Fam uku sun ƙi fitowa.
Ta bi ta sama, ta bi ta ƙasa,
ta dube ni, na dubi taga.
Mai busa ne, wanda ya tsaya cikin ruwa da buhun sarewarsa,
na jefa masa lokacin da take ɗaukar hoto.
Ban faɗa ba.
Ta ciji biro, ta rubuta: "Tsuntsu."