Kwalabe Biyu, Murfi Ɗaya

Ƙarfe uku na dare aka ɗauke wuta.
Gadaje talatin da biyu, mu biyu,
ni da Kulu, wadda ƙafarta ta kumbura tun la'asar.
Na cije waya a baki tana haska min tire:
kwalabe biyu, tsawo ɗaya, murfi ɗaya,
tagwayen da sai uwarsu ke rarrabewa.

Na zuƙa, na soka, na danna auduga.
Sai da janareta ya yi tari ya tashi
na karanta sunan da ke jikin kwalbar.
Ba ta Malam Jabbi ba ce.

Na tsaya a kansa har asalatu,
yatsu biyu a kan jijiyar hannunsa,
ina ƙirge kamar mai jan carbi.
Da ladanin Mabera ya ɗaga murya
tsohon ya buɗe ido, ya nemi buta.

Littafin rahoto na nan kan teburin matiron,
bangonsa baƙi, cikinsa fari fat,
sai ka ce ba a taɓa tuntuɓe a ɗakin nan ba.
Na ɗauki biro. Sai Atine ta faɗo min.
Bara ta rubuta nata da hannunta,
aka zaunar da ita gaban mutum biyar,
aka tambaye ta makarantar da ta yi.
Ba wanda ya tambayi wa ya jera kwalaben,
ko dare nawa ta yi ba ta runtsa ba.
Yanzu tana can wani ƙauye bayan Tangaza,
sai Juma'a take ganin 'ya'yanta,
nan kuwa sunanta ya koma "wadda ta yi kuskuren nan."

Ina da kuɗin haya a Runjin Sambo,
da ƙanne biyu a makaranta.
Na mayar wa biro hularsa.

Da hantsi Malam Jabbi ya yafito ni,
ya zaro goro daga aljihu:
"Ɗiyata, kin kwana tsaye don ni, Allah shi biya ki."
Na karɓa hannu biyu.
Ban taɓa tauna mai ɗacinsa ba.

Kafin in miƙa aiki
na naɗa filasta a wuyan kwalba ɗaya,
na tura ta can ƙuryar kabad,
ban gaya wa kowa dalili ba.
Rijiya ce na rufe da tabarma.
Daren yau Saratu ce a bakin aiki,
watanta uku da sa farin kaya,
kuma na ji ana cewa man janareta ya kusa ƙarewa.