Abin da Baba Ya Iya Dafawa

A Olhão, bakin teku, Agusta ba ta wasa.
Tun hantsi bango ya yi fari fat, ya ƙi a taɓa shi,
kyanwa ta miƙe a inuwar kwalekwale kamar tsumman da aka shanya,
kowa ya ja labule ya bar wa titi zafi.

Na sauko daga jirgin ƙasa da jaka ɗaya da yunwa biyu,
na tarar da Baba Anselmo a tsakar gida
sanye da rigar girkin Mama a kan singileti.
Igiyar ba ta zagaye tumbinsa ba,
ya ƙarasa ta da zaren kamun kifi.

Shekara arba'in yana gyaran injin jiragen ruwa,
bai san inda cokali ke kwana ba
sai bara, da Deolinda ta tafi.

"Graciete, zauna, ba wani abin kirki ba ne.
Kaza ce, na tsaga ta ta baya, na danne ta da tafin hannu.
Tafarnuwa, barkono, man zaitun, rabin lemun tsami,
da gishirin nan da rana ke dafa mana a bayan gari.
Uwarki ta ce bazara ba ta son tukunya mai murfi."

Gawayi ya kama. Kitse ya ɗiga, wuta ta yi tsalle,
ya ja da baya yana ɗura mata ashar irin na matuƙa.
Fiffike ɗaya ya ƙone ƙurmus.
Ya dube shi, ya dube ni.
"Wannan nawa ne," ya ce. "Ba laifi."

Sai ga kan Custódio ta saman katanga, hula a karkace,
da jatan lande a ƙunshin jarida, gashin bakinsu na motsi.
Shekara goma suna gaba da Baba a kan ɓauren nan
mai saiwa a gidansu, rassa a gidanmu.
Ranar jana'iza maganar ta mutu, ba wanda ya ce uffan.
Kwando kawai aka rataya a reshe,
duk wanda ya riga tashi ya cika wa ɗan'uwansa,
yanzu gardamarsu ɗaya: na wa ya fi.

Kasko, mai, tafarnuwa, shuuu!
Kafin a ce kwabo masu ruwan toka sun koma jajaye.
Muka ci da hannu, muna share romo da burodi,
mai na gangarowa har gwiwar hannu.
Kankana tun safe tana rijiya cikin guga,
da aka jawo ta, wuƙa na taɓa ta ta dare da kanta,
sanyinta na can ƙasa ne, mai zurfi.

Na ɗauko littafin girkin Mama daga kan firji
don in kama Baba da kuskure.
Ina! Ba awo, ba minti.
"Gishiri: yadda ya kamata."
"Wuta: har sai ya yi."
Tambarin yatsanta da mai a gefen kowane shafi.

Rana ta sunkuya, garwashi ya yi furfura.
Baba ya tsaga ɓaure shida, ya jera su a kan waya,
ya ɗiga zuma, ya barbaɗa gishiri kaɗan.
Na ce, "Wannan ba ya cikin littafin."
Ya daɗe yana juya su da bakin wuƙa.
"Ba nata ba ne. Ni na ƙago shi, wani dare da barci ya ƙi.
Da tana nan, da ta ce na ɓata ɓaure."
Custódio ya ce, "Ɓaurena."
Dariyar Baba ta fito da tari, da ƙarfi.

Jirgin ƙarshe ya yi kuka zai tsallaka tsibiri.
Na lasa yatsa, na nemo biro,
na rubuta a ƙasan rubutunta:
"Ɓaure a garwashi, na Anselmo.
Zuma: yadda ya kamata.
A ci da zafi."