Cikin Goma, Biyu

Ofishin Barista Luba na saman bene, bayan Gawon Nama.
Fanka na juyi, ba iska.
Na ɗora Attahiru bisa benci, takalminsa guda ya faɗi,
na ƙafar da ba ta jin komai.
Bai ma sani ba.

Ta ce: Malam Modi, faro mini daga tushe.
Na ce: Zazzaɓi ne kurum, daren Laraba,
munka kai shi asibitin kuɗi.
Da ƙafarsa ya shiga, har da tsallake kwata.
Allura guda a ɗuwawu,
ya yi wata ƙara da har yau take kwana a kunnena.
Da safe goyo shi na yi zuwa gida.

Ina katin? Na miƙa mata.
Ina fayil? Sun ce an nema an rasa,
wai ruwan Agusta ya shiga ɗakin ajiya.
Wa ya yi allurar? Wani dogo mai farar riga.
Sunansa fa?
Barista, wa ke tambayar sunan mai magani
alhali ɗansa na kyarma a hannunsa?

Ta cire tabarau, ta murza ido.
Ta ce: Kotu ba ta da mudun auna hawaye.
Ƙafar nan ta shanye, kowa ya gani,
amma alƙali zai ce: wa ya shanyar da ita?
Su za su ce shan inna ne, ko zazzaɓin ya taɓa jijiya.
Sai wani likita ya miƙe ya rantse
cewa ɗan'uwansa ya kauce hanya,
kai kuwa ka sani, wanzami ba ya son jarfa.
Sannan a ɗage zama, a sake ɗagewa,
yaron nan ya yi gemu ana ɗagewa.

Na ce: Faɗa mini da lissafin kasuwa.
Ta yi shiru. Ta ce: Cikin goma, biyu.
In jakar nan da ta riƙe ƙafarsa ta yarda ta yi magana,
ƙila huɗu.

Na san ta. Ige ce, 'yar Mabera.
Ta biyo ni har bakin ƙofa ranar, ta ce in yi haƙuri,
idonta a ƙasa.
Marayu uku take ci da su da albashin gidan nan.
Da wane baki zan ce ta zubar da tukunyarta
don ta cika tawa?

A Kware, yayana ya ce: Ƙaddara ce, bar wa Allah.
Na ce: Na bar masa tun a daren.
Amma wanda ya rubuta ƙaddara,
ai shi ya saukar da hukuncin diyya,
kuma ban ji inda ɗaya ta goge ɗaya ba.

Ni manomin albasa ne.
Na sha zuba buhu goma a rumbu,
zafin bazara ya bar mini biyu.
Ban taɓa fasa shuka ba.
Sai dai albasa in ta ruɓe, fadama na nan.
Wannan kuwa fadamar ce za a sayar a biya kuɗin shari'a.

Takardar na aljihuna, kwana tara ke nan,
gumi ya fara cin tawadar.
Ban sa hannu ba. Ban yaga ba.

Jiya da la'asar Attahiru ya bi yara zuwa bakin rafi.
Sun yi nisa, shi yana baya,
ƙafar na jan layi a rairayi
tun daga zaure har inda ya gaji ya zauna.
Na tsaya ina duban layin.
Ga shaida, dogo, ba ya tsoron kowa,
sai dai ba ya ɗaukuwa zuwa gaban alƙali.
Kafin magariba awaki sun tattake shi.